Suna so su tashi ƙanena daga ɗakinsa saboda ya naƙasa: amsar lauya

Wata baiwar Allah daga Aboabo, nan Kumasi, ta rubuto mini: "Lauya, ƙanena tela ne, shekararsa 34. Hatsarin babur ya taɓa masa laka, yanzu sai da keken guragu. Mahaifinmu ya rasu bai bar wasiyya ba, gida ɗaya ya bari. Yayyenmu maza biyu suna so su sa haya a ɗakinsa na bakin zaure, su tura shi ƙauye wurin gwaggo. Ɗayan har cewa yake a riƙa kai shi ƙofar masallaci ranar Juma'a ya samu na abinci. Ni ina gidan miji, ƙarfina bai kai ba. Mene ne abin yi?"

Hajiya, Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba ƙanenki sauƙi. Bari mu fara da ɗakin, don shi ne na gaggawa.

Yayyenku ba su da ikon tashinsa. Dokar Gana ta gadon wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, wato doka mai lamba 111 ta 1985, ta ce idan gida ɗaya mamaci ya bari, to na matarsa ne da 'ya'yansa tare. Ta kuma hana a fitar da mata ko ɗa daga gidan da suke zaune da mamacin kafin a raba gado, wanda ya yi hakan laifi ya aikata. Haka ma wanda ya sa hannu a dukiyar mamaci kafin kotu ta ba shi takardar izinin kula da gado. Idan kuma a gida kuka yarda malamai su raba bisa shari'a, kamar yadda aka saba a zango, rabonsa daidai yake da na kowane ɗa namiji a cikinsu. Gurguntaka ba ta rage wa mutum ko sisi a gado.

Sashe na 29 na tsarin mulkin 1992 ya ba naƙasasshe haƙƙin zama cikin iyalinsa, dokar naƙasassu mai lamba 715 ta 2006 ta maimaita hakan, ta kuma hana a ci da guminsa ko a wulaƙanta shi. Maganar ƙofar masallaci kuwa ta sosa mini rai. Mutumin da ya iya yanka yadi ya haɗa riga, ƙafa ya rasa, hannunsa da idonsa suna nan. Ki kuma sani tun 1969 akwai dokar da ta haramta bara a Gana.

Duk da haka ba zan ce ki ruga kotu gobe ba. Shari'a da 'yan'uwa tana cin kuɗi, tana cin zumunci, kuma shi ne zai kwana gida ɗaya da su. Ki fara tara kawunnenku da limamin unguwa ko sarkin zango, a zauna da shi kansa a wurin, ya faɗi abin da yake so da bakinsa. Abin da aka daidaita a rubuta, kowa ya sa hannu. In sun ƙi, Hukumar CHRAJ mai kare haƙƙin ɗan'adam tana karɓar ƙorafi ba a biyan ko kwabo, Hukumar Ba da Agajin Lauya kuma tana sulhu, tana tsaya wa marar ƙarfi a kotu.

Na san abin da yayyenku za su ce a wannan zama: wa zai ciyar da shi? Ga amsar da za ki riƙe.

Cikin kuɗin da gwamnatin tsakiya ke raba wa majalisun gundumomi akwai kaso da aka ware wa naƙasassu. An fara da kashi 2 cikin 100, daga baya aka ƙara shi. Aboabo tana ƙarƙashin majalisar Asokore Mampong, don haka ofishin jin daɗin jama'a na can za ku je. Ya yi rajista, ya rubuta takardar neman tallafi, ku haɗa da Katin Gana, hoto, da takardar likitan da ya duba shi. Kwamiti ne ke tantancewa, kuma sau da yawa kayan sana'a ake bayarwa maimakon kuɗi. Saboda haka kada ya rubuta "ina neman taimako" kawai. Ya rubuta keken ɗinki na hannu ko mai lantarki yake so, da tebur daidai tsayin kujerarsa, da farashin kowanne. Ku yi kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a ɗaya ku riƙe. Kuɗin kan yi jinkirin zuwa, wannan kwafin ne za ku riƙa nunawa duk sanda kuka koma bibiya. Ya kuma shiga reshen Tarayyar Ƙungiyoyin Naƙasassu ta Gana na yankinsa, domin suna da wakili a kwamitin, su ke fara jin labari in kuɗi ya sauka.

A ofishin jin daɗin jama'an dai ku tambayi rajistar inshorar lafiya ta NHIS kyauta. Shirin LEAP na tallafin kuɗi ga gidajen matalauta, wanda aka fara a 2008, a cikin naƙasassu na masu naƙasa mai tsanani ne da ba sa iya wani aiki, kuma sai an duba halin gidan, don haka kada ku dogara da shi. In yana son ƙarin horo, cibiyar koyar da naƙasassu sana'a ta Edwenase tana nan cikin Kumasi.

Abu ɗaya nake roƙonki tun yau: kada ya bar ɗakin nan ko na kwana ɗaya da sunan ziyarar ƙauye, kada kuma ya dangwala yatsa a wata takarda sai wanda ya yarda da shi ya karanta masa. Ki ɗauki hoton ɗakin da kayansa a ciki, ki nemo takardun gidan da shaidar rasuwar mahaifinku, ki ajiye kwafinsu a gidanki kafin ranar zaman.