Amsa: ARPANET ko Arpanet, wanne zan sa a aikina?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana rubuta aikin kammala digiri a Jami'ar Jos, wani littafi ya rubuta ARPANET, wani kuma Arpanet, ka rasa na ɗauka.

Ɗauki ARPANET, sunan tsohuwar hanyar sadarwar kwamfutoci da ta share fagen intanet. ARPA gajarcen sunan hukumar binciken ma'aikatar tsaron Amurka ce, wadda ta ɗauki nauyin haɗa kwamfutocin a 1969, tana farawa da wurare huɗu, uku daga ciki jami'o'i. Tunda kowane harafi na ARPA na tsaye ne a madadin kalma, manyan baƙaƙe suka dace. Haka BITNET da CSNET na 1981, haka NSFNET, su ma hanyoyin sadarwar kwamfutoci ne. Arpanet da ka gani yawanci salon 'yan jarida ne, musamman na Ingila, masu rubuta duk gajarcen da ake furtawa kamar kalma da babban harafi ɗaya tak.

Inda ake tuntuɓe shi ne Usenet, tsohon dandalin tattaunawa ta kwamfuta. Tsofaffin takardu suna da USENET, amma yau Usenet ya zauna, don ba gajarcen haruffa ba ne tun asali. JANET, hanyar sadarwar jami'o'in Birtaniya, wadda ta fara a 1984, masu ita da kansu suka koma rubuta Janet daga baya. Tamu ta gida kuwa, da ke Abuja, NgREN ce: g ɗin ƙarami, kada ka "gyara" musu.

Kalmar intanet a Turance ma kamfanin dillancin labarai na AP ya mayar da ita ƙaramin harafi a 2016. Duk da haka ka leƙa ƙa'idar sashenku kafin ka kai wa mai duba aikinka, wasu malaman har yanzu babban harafin suke so.