Rubutun Mende ya shiga waya, mu kuma muna nan a Hausawanmu

Ɗan'uwa, ka tambaya me ya haɗa Bahaushe da murnar rubutun Mende, har ka ƙara da cewa ko mun narke ne a Saliyo.

Fataucin goro ne ya kawo kakana garin Kenema a Saliyo, a nan ya auri kakata, 'yar ƙabilar Mende, Musulma gaba da baya. Wannan auren kuke yawan yi mana gori a kai, alhali a Kano ma ana auren Fulani da Barebari ba mai cewa uffan. A gidanmu da Hausa ake gaida manya, a durƙushe. In mun fita kasuwa mu juya Krio ko Mende. Dangin kaka dangina ne, abinsu nawa ne.

Kikakui ake ce wa rubutun. Wani malami, Mohamed Turay, ya fara tsara shi wajen 1917, almajirinsa Kisimi Kamara na yankin Pujehun ya cike shi har ya kai alamomi 195. Kowace alama gaɓa guda ce, kuma daga dama ake jan shi zuwa hagu kamar ajami. Wan kakata da shi yake rubuta bashi a wani tsohon littafi mai bangon fata, kakana na gefe yana nasa lissafin da ajami, tabarma ɗaya. Da aka fifita boko a shekarun 1940 sai rubutun ya ja baya.

A 2014 tsarin Unicode, wato tsarin haruffan kwamfuta da waya na duniya, ya karɓe shi, aka ba kowace alama lambarta ta dindindin a kwamfuta. Gaɓar farko, "ki", ita ce U+1E800. Duka alamomi 213 ne, har da ƙidaya daga 1 zuwa 9. Babu sifili, goma da ɗari da dubu wata alama ake haɗa wa lambar. Amfaninsa shi ne abin da aka rubuta a garin Bo na Saliyo ya isa Kano yadda yake. Sai dai in wayarka ba ta da zubin haruffan, irin na Noto, akwatuna kawai za ka gani. Kai ma ka san takaicin nan, ranar da ƙ da ɗ suka ƙi fitowa a sunanka.

Gaskiya Hausar yaranmu ta fara rauni, wannan yana damuna fiye da gorinku. In mai zuwa ya samu, ku aiko mana da littattafan karatun yara.