Wanda ya tura daban, wanda ya amsa daban

Yaro, ka ce a wasan kati na poka (poker) an shimfiɗa katunan uku na farko a tebur, kana da huɗu masu zuciya, saura ɗaya fulash, wato kati biyar masu alama iri ɗaya, ya cika, kana tambaya ko ka tura tsabarka, wato ƙwayoyin da ake wasan da su, duka. Lissafin ko ɗan koyo ya san shi: zuciya 13 ce a cikin kati 52, ka ga 4, saura 9. Kati biyu na tafe, damarka kusan kashi 35 cikin 100. In saura kati ɗaya, ba ta kai 20 ba. Ba zan ɓata yawuna a kan wannan ba.

Tambayar da ba ka yi ba ita ce: kai ke turawa, ko kai ake turo wa? Mai turawa hanya biyu gare shi, ko abokin karawa ya tsorata ya ajiye, ko katin ya fito. Mai amsawa hanya ɗaya tal. Na biya kuɗin wannan karatun da tsada.

Wata gasa ce, kwana biyu muna zaune. Mutum 27 za a biya, mun rage 28. Ina da tsabar da ta kai babban kuɗin dole, wanda ake sawa kafin a raba kati, sau 20, akwai 10 a tsakiya. A teburin da ke bayana wani tsoho na da sau 2 kacal, zagaye ɗaya zai cinye shi. Hannuna as da biyar na zuciya. Aka shimfiɗa sarki da takwas na zuciya, da biyu. Wanda ya fi kowa tsaba a teburinmu, wani matashi mai abin sauraren kiɗa a kunne, ya turo duka ko kallona bai yi ba. Na ƙirga: zan sa 20 in kwashi 50, kashi 40 nake buƙata. Na ce sarki ne da shi, to zuciya 9 da as 3 nawa ne, 12 ke nan, wajen kashi 45. Na amsa. Ya buɗe takwas guda biyu. Da ta tebur takwas uku ke nan, as ɗina ya zama banza, damata ta koma kusan ɗaya cikin huɗu. Kati na huɗu ya zo huɗu ta zuciya, har na miƙe tsaye. Na ƙarshe ya zo biyu, ya cika masa gida, wato takwas uku da biyu guda biyu, wanda ya fi fulash ɗina. Na fita na 28, ko kuɗin shiga ban mayar ba. Tsohon nan kuwa sai da ya kai teburin ƙarshe. Shekaru sun wuce, har yau in na ga biyu ta faɗo a ƙarshe sai raina ya ɓaci.

Ko da sarkin ne da shi, kuskure na yi. A gasa tsaba ba kuɗi ba ce. In ka ninka ta, rabonka bai ninka ba, in ta ƙare kuwa sai gida. A bakin biya kashi 45 bai isa ka sa ranka ba, alhali ga wani yana shirin faɗuwa.

Ku yaran yanzu kun kalli Chris Moneymaker a gasar poka ta duniya a Las Vegas a 2003, ya ƙara wa Sammy Farha kuɗi yana jiran kati, katin bai zo ba ya tura duka, Farha ya ajiye, daga baya Moneymaker ya ci gasar ya tafi da dala miliyan 2.5. Shi ke nan kowa ya zama jarumi a waya. Kun manta shi ne ya tura, kuma su biyu suka rage, babu wani tsoho da zai jira.

Kai da ka ce sau 12 gare ka, biya na da nisa, mutum ɗaya ne a gabanka kuma bai sa komai ba, tura. Amma ka fara duba shi. In irin wanda ba ya ajiye kati ne ko me aka yi masa, hanyar tsorata shi ta toshe, kashi 35 ɗin nan kaɗai ka riƙe. Gobe ka zo min da yawan tsabarsa, don na lura ko ƙirga ta ba ka yi ba.