Me Baƙon Ya Hango a Riɗinmu da Zoɓonmu?

Wani ɗan kasuwa daga Daura ya aiko da tambaya: "Na daɗe ina sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan Zango da Baure ina kaiwa kasuwar Dawanau ta Kano. Bana wani Ba'indiye ya turo wakilinsa yana so mu haɗa jari, shi kuɗi da inji, ni kaya da wuri. Mu kullum kukan wuta da hanya da faɗuwar naira muke yi, shi kuma ya baro ƙasarsa ya taho. Me ya hango? In shiga ko in bari?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Abu na farko da ya hango shi ne zai kashe naira ya karɓi dala. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kan naira 460 da 'yan kai a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Mai shigo da kaya ya ji jiki. Mai fitarwa kuwa, hayar sito da ladan 'yan dako da na matan da ke tsince zoɓo dukansu da naira yake biya. Sai dai ka fi kowa sanin cewa dala na motsawa farashin buhu ke bin ta a Dawanau, wani lokaci kafin azahar. Saboda haka ribar ba a sayen ɗanyen kaya take ba. Tana cikin aikin da ake yi wa kayan bayan an saya: tankaɗewa, cire ƙasa da tsakuwa, busarwa, zubawa a sabon buhu. Wannan aikin ne ke da araha a nan, yake da tsada a can.

Na biyu, kayan a bakin ƙofarka suke. Jigawar ƙasar Daura da ƙarancin ruwanta, waɗanda ba sa yi wa masara daɗi, su ne riɗi da zoɓo ke so. Japan da Sin da Turkiyya na sayen riɗinmu, Meksiko kuma ita ce babbar kasuwar zoɓo. A ƙasar da ta ci gaba, kowace kafa an riga an toshe ta, sai ka yi gogayya da manyan kamfanoni. A nan injin tacewa guda ɗaya mai kyau zai iya jawo kayan ƙananan hukumomi uku ko huɗu, don babu na kusa. Rashin da muke kuka da shi, shi ne filin da baƙo ke gani.

Zai yi maka maganar iyakar Nijar: Kongolam, Jibiya, titin jirgin ƙasa da ake shimfiɗawa daga Kano ya bi ta Daura da Katsina zuwa Maraɗi, da tashar kwantena ta kan tudu da aka buɗe a Funtuwa a 2024. Duk gaskiya ne, amma kada ka ɗora lissafinka a kai. An rufe iyaka a 2019, an sake rufewa a 2023, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe da kyau. Tun 1995 dokar zuba jari ta Najeriya ta yarda baƙo ya mallaki kamfani ɗari bisa ɗari. Ke nan ba doka ce ta tilasta shi neman ka ba. Abin da ba shi da shi, kai kake da shi: manoman da za su ajiye maka kaya kan kalma ɗaya, dillalan da ka san mai zuba yashi a tsakiyar buhu da mai tsoron Allah, idon da ke gane riɗi mai laima tun kafin a kwance bakin buhu. Wannan jari ne. A yi masa kuɗi, a rubuta shi a matsayin kasonka. Kada ka yarda a mayar da kai yaron saye mai karɓar kamasho.

Idan za ka shiga, a yi wa kamfani rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da sunayenku duka da kason kowa. Kuɗinsa su shigo ta banki, a ba shi takardar shaidar shigo da jari, ita ce za ta ba shi damar fitar da ribarsa ta hanyar da ta dace. In ya ce zai riƙa miƙo kuɗi a jaka, ka ja baya. Sannan kamfanin ya karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje. Kowane kaya sai an buɗe masa fom ɗin NXP, wato takardar bayyana kayan da za a fitar, ta banki, a biya rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajarsa kuɗin duba kaya, a karɓo takardar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar duba lafiyar kayan gona. Dokar Babban Banki ita ce kuɗin kayan su dawo gida cikin kwana 180, kuma kamfanin da sunansa ke kan fom shi za a tuhuma.

Inda aka fi cutar abokin haɗin gwiwa na gida shi ne nan: sau da yawa mai sayen kayan a waje kamfanin baƙon ne da kansa. Sai ya sayar wa kansa da araha, ribar ta zauna can, a nan kuma a nuna maka littafi ba komai a ciki. Maganinsa, yarjejeniya ta faɗi yadda za a tsayar da farashi, ka riƙa ganin takardar ciniki da ta jirgin ruwa, kuma asusun dala ya zama ba a taɓa shi sai da sa hannunku ku biyu. Lauya ya rubuta, shaidu su sa hannu.

Sai ingancin kaya, wanda kan rushe komai. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a ajiya. Meksiko ma ta taɓa dakatar da zoɓonmu saboda ƙwaro. Don haka a shanya kaya kan leda ko tamfol, ban da ƙasa, ban da inda awaki da kaji ke ratsawa. Kada a yayyafa wa buhu maganin feshi na gona, turara kaya aikin masu lasisi ne. Ka sayi na'urar auna laima, ka nemi mai saye ya rubuto maka ma'aunin laima da tsabtar da yake so tun kafin ka sayi buhu ɗaya.

Shawarata ka shiga, amma da kwantena ɗaya. Ƙarama mai ƙafa 20 tana ɗaukar riɗi kusan tan 19. Ka auna kayan a sikeli kafin tacewa da bayanta, ka rubuta kilo nawa ya tafi a datti, nawa aka kashe daga Daura zuwa Legas, kwana nawa kuɗin suka yi kafin su dawo. Da waɗannan alƙaluma a hannunka za ku zauna maganar inji da rabon kaso kafin kaka mai zuwa.