Tambaya da Amsa: Shin In Koma Gajeren Rubutu a Kai a Kai?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin gona ne a yankin Dadin Kowa, cikin ƙaramar hukumar Yamaltu Deba ta jihar Gombe. Shekara uku ke nan ina rubuta wa manoman yankinmu bayanai da Hausa kan noman masara da shinkafa da kayan lambu, ina aika musu ta waya, waɗanda suka iya karatu su karanta wa sauran. Rubutuna yakan kai kalmomi 2,000, kuma sai in yi wata biyu ban fitar da sabo ba, domin ba na son sakin abin da bai cika ba. Bara na rubuta cikakken bayani kan tsutsar masara, amma kafin in gama gyara shi tsutsar ta riga ta yi ɓarna, kuma da na aika, wani dattijo ya ce mini ɗansa ya karanta masa rabi ya ce ya gaji. Yanzu ina son in gwada gajeren rubutu sau uku a mako, sai dai ina tsoron kada in zubar da ƙimar ilimin. Ina neman shawararku.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da alheri kan wannan hidima. Shawarata ita ce ka gwada, kuma dalilin yana cikin wasiƙarka. Bayanin tsutsar da ka rubuta ya zama ihu bayan hari, ba don akwai kuskure a cikinsa ba, sai don aikin gona yana tafiya da lokaci. Wannan tsutsa, wadda aka fara ganin ta a Najeriya a shekarar 2016, ta fi sauƙin kashewa tun tana ƙarama, kafin ta shige cikin tsakiyar ganyen masara ta ɓuya. Manomin da ya samu layi goma a makon da ramuka suka fara bayyana a ganye, aka ce masa ya leƙa tsakiyar shukar ya duba kashin tsutsar mai kama da dusar katako, kuma ya yi feshi da sassafe ko da yamma yana kai maganin cikin tsakiyar, ya fi wanda ya samu shafi biyar bayan masara ta fitar da goyo.

Ka kwantar da hankalinka game da ƙimar ilimi, domin gajeren rubutu ba baƙon abu ba ne a tarihin karatun Hausa. Bayan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairun 1939, a shekarun 1950, lokacin yaƙi da jahilci, hukumar NORLA mai kula da wallafe-wallafe a Arewa ta riƙa fitar wa sababbin masu karatu ƙananan jaridu na larduna, kamar Himma a Katsina da Zaruma a Sakkwato da Zumunta a lardin Bauchi, wanda Gombe take cikinsa a wancan zamani. Masu karatunka na yau suna cikin hali mai kama da wannan, har ma da ƙarin cewa a fuskar waya suke karantawa, kuma da yawansu saurare suke yi. Ma'aikatan rediyo sukan ƙiyasta kalmomi uku a kowace daƙiƙa idan ana karatu a bayyane, saboda haka rubutunka mai kalmomi 2,000 yana cin fiye da minti 11, kuma yaron da ke karanta wa mahaifinsa zai fi haka daɗewa. Kalmomi 300 kuwa minti biyu ne ko uku, abin da za a gama a gindin bishiya bayan sallar La'asar.

Amma akwai kuskuren da nake so ka kiyaye, domin shi ne wanda yawancin masu komawa gajeren rubutu suke faɗawa. Kada ka ɗauki dogon bayaninka ka yayyanka shi gida bakwai kana rubuta "za mu ci gaba" a ƙarshen kowanne. Saƙon waya yana yawo shi kaɗai. Wani zai tura kashi na huɗu ga ɗan'uwansa a Kumo ko Bajoga wanda bai taɓa ganin na ɗaya ba. Dole kowane gajeren rubutu ya ɗauki magana guda ya kai ta ƙarshe. Idan kan takin yuriya ne, ya faɗi cewa ana sa wa masara ita makonni huɗu zuwa shida bayan shuka, bayan an riga an sa takin kamfa tun da wuri, ya faɗi cewa ana binne ta nesa kaɗan da gindin shuka a ƙasa mai laima, ya kuma faɗi dalili, wato idan aka watsa ta a sarari cikin rana, wani kaso na sinadarinta yakan bi iska. Wannan magana ce cikakkiya, kuma ba ta bukatar shafi biyu.

Inda nake ganin haɗari na gaske shi ne wajen abin da ake zubarwa domin a gajarta. Marubuci yakan fara yanke sharuɗɗa, domin su ne suke kama da ƙari, alhali a fanninka sharaɗin shi ne rabin ilimin. Idan ka ambaci maganin feshi, ba ka da ikon barin adadin da ake zubawa a tankin lita 16 ko 20, da rufe baki da hanci da hannu, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir ko alayyafo bayan feshi. Abin da za ka yanke shi ne doguwar gabatarwa, da maimaita abin da ka riga ka faɗa, da tarihin da manomi ba ya bukata a wannan makon. Idan ka ga magana ba za ta shiga kalmomi 300 ba sai an jefar da sharaɗi, to, ba maganar gajeren rubutu ba ce, ka bar ta da tsawonta.

Game da sau uku a mako, ina ganin ka yi wa kanka yawa. Alkawari kaya ne, kuma kai ma'aikaci ne mai zagayen gonaki. Wanda ya ɗaura wa kansa adadi yakan wayi gari yana rubutu don cika alkawari, ba don yana da abin faɗa ba, kuma manoma za su gane hakan da wuri su daina buɗe saƙonka. Ka fara da biyu a mako daga saukar ruwan shuka zuwa kaka, ka bar damina ta zaɓar maka batu: iri da tazarar shuka, noman farko, taki, ƙwari, sannan girbi da adana wake a buhu mai ciki uku kafin a kai shi kasuwar Tudun Hatsi da ke Gombe. Ka riƙe ɗan littafi a aljihu kana rubuta tambayoyin da ake yi maka a bakin gona, domin kowace tambaya gajeren rubutu ce da ta zo da kanta.

Ka ɗauki damina ɗaya a matsayin gwaji, kuma kada ka auna nasara da yawan masu ce maka "Allah ya ƙara basira", domin mutanenmu sukan faɗi haka don girmamawa. Ka auna da tambayoyin da suke dawowa, da kuma abin da idonka ya gani a gona, misali ko an fara binne yuriya a inda a da ake watsawa. Dogon rubutun ma kada ka yar da shi. Bayan kaka, kafin aikin noman rani ya kankama a bakin madatsar ruwan Dadin Kowa, ka tattara gajerun da ka fitar, ka gyara su da abin da manoma suka koya maka, ka mayar da su cikakken bayani guda wanda za a buga a takarda a ajiye.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a Azare. Idan ana son rubutu ya gajarta, shin laifi ne a riƙa taƙaita kalmomi kamar yadda muke yi a saƙon waya?

AMSA: Malama, gajarta rubutu daban, guntule kalmomi daban. Abin da ake ragewa shi ne yawan magana, ba haruffa ba. Rubuta "slm" ko sa "x" a wurin "z" ba ya rage wa mai karatu lokaci, ƙara masa wahala yake yi, musamman wanda bai daɗe da koyon karatu ba. Ki kuma kula da haruffa masu ƙugiya, domin "kafa" ba "ƙafa" ba ce, "bari" ba "ɓari" ba ne, kuma a rubutu mai layi biyar babu isassun jimlolin da za su nuna wa mai karatu wanne kike nufi. Akwai madannan rubutu na Hausa da za ki iya saukewa a wayarki, kamar Gboard, masu ɗauke da ƙ da ɗ da ɓ.