Yadda Ake Ƙiyasta Kayan Mamaci Kafin Rabon Gado

TAMBAYA: Mahaifinmu ya rasu, kuma kotu ta nemi mu gabatar da jerin kayansa da darajarsu kafin a ba da izinin raba gado. Shin farashin da ya saye su za mu rubuta?

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙurin rashi. Malama, ba farashin saye ake rubutawa ba, ba kuma kuɗin sabo ba. Abin da ake nema shi ne kuɗin da kayan za su yi da an kai su kasuwa a ranar da ya rasu, a yadda suke. Saboda haka kujeru, tufafi da kayan lantarki darajarsu takan faɗi ƙasa sosai, kuma ana iya haɗa su a ƙiyasta su jimla ɗaya.

Inda ake buƙatar taka-tsantsan shi ne zinari, mota da tsofaffin kayan tarihi. Waɗannan a nemo masani wanda ba shi da rabo a gadon, ya ƙiyasta su a rubuce tare da sa hannunsa, domin a ganina yawancin saɓanin magada daga ƙiyasin baki yake farawa. A ɗauki hoton kowanne, kada kuma a bar kowa ya ɗauki wani abu, ko da don tunawa da marigayin ne, kafin a kammala lissafi.

Kayan aro da na amana a mayar wa masu su. Wanda aka mallaka tare kuwa, kason marigayin kaɗai ake lissafawa.