Me ya sa ruwa ke cin gonaki a Auyo bayan ruwan sama ya ɗauke?

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni manomin shinkafa ne a yankin Auyo. Abin da ke ɗaure min kai shi ne sai mu yi kwana goma ba a yi ruwan sama ba amma ka wayi gari kogi ya shigo gona, mutane su ce an buɗe dam ɗin Tiga ne. Gaskiya ne?

Amsa: Barka kadai ɗan'uwa, Allah ya mayar da alheri. Toh maganar "an buɗe Tiga" ɗin nan kullum ina jin ta, akwai ƙamshin gaskiya a ciki amma ba ita ce duka labarin ba. Dam idan ya cika maƙil da kansa yake amayo ruwa ta mazubarsa, ba sai wani ya murɗa komai ba.

Ruwan da ya shigo gonarka ba na garinku ba ne, na marka ne da aka tafka can kudancin Kano kwanaki da dama baya. Kogin Kano, wanda dam ɗin Tiga yake kansa, da na Challawa su ke haɗuwa kafin Wudil su zama kogin Hadejia. Daga sama ƙasar dutse ce, akwai gangara, ruwa na gudu. Amma da ya wuce Wudil sai ya faɗo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai yashi, nan fa tafiyarsa ta koma ta hawainiya. Ka duba fa, daga Hadejia har tafkin Chadi ɗaruruwan kilomita ne amma saukar ƙasar gaba ɗaya ba ta kai mita 100 ba. Zuba ruwa a faranti ka ɗan karkata shi kaɗan, ka ga yadda zai yi ta dube-dube yana neman hanya, to haka kogin nan yake.

Shi ya sa ba ya tsayawa a hanya ɗaya. Ga reshen Kafin Hausa, can gaban Hadejia kuma ya sake rabuwa, tsohon kogi da Burum Gana da Marma mai zubawa tafkin Nguru, duk suna ratsawa tsakanin jigayi, tsofaffin tuddan yashin nan da iska ta jera tun zamanin da yankin yake hamada. Sai wajen Gashuwa ya haɗu da kogin Jama'are mai tasowa daga tsaunukan Jos, daga nan sunan ya koma Yobe, ya bi iyakar Najeriya da Nijar ta Diffa. Kuma abin mamaki ruwan raguwa yake yi yana tafiya, yashi ya sha, rana ta sha, fadama ta riƙe nata. Mutanen Diffa ma sai kaka ta yi nisa suke ganin cikar kogi.

Yanzu ga inda dam ya shigo da gaske, kuma ni a ganina nan ne laifinsa ya fi girma. Kafin a gama dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, kogin nan da rani bushewa yake yi ƙaƙas, yara su buga ƙwallo a cikinsa, da damina kuma ruwa ya zo da ƙarfi ya wanke hanyarsa. Da aka fara sako ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan famfo sai gindin kogi ya daina bushewa, abin da kachalla, doguwar ciyawar ruwan nan, take so ke nan. Ta fito ta yi duhu, tsayinta ya wuce mutum, ta tare laka, laka ta taru ta cike hanya, kogin da a da mai kwale-kwale zai kafa gora ta nutse yanzu wani wurin iya gwiwa ne. Na taɓa shiga wani reshe a yankin Guri, sai da masunta suka yi ta sara da adda kafin jirgi ya wuce, ga tsuntsayen jan-baki sun tashi kamar hayaƙi daga ciki, su ma can suke kwana su fito su ci shinkafa. To ruwa ya zo ya tarar an toshe masa gaba, ina zai je in ba gonarka ba? Na ƙasa kuma suna can suna kukan ruwa bai iso ba.

Jinga tana taimako, ban hana ba, amma ka sani duk ruwan da jingarku ta kora ƙauyen gaba zai faɗa, shi ya sa gara a yi ta da shawarar maƙwabta. Abin da ya fi shi ne yashe hanyar kogi da cire kachalla tun da rani, a haɗa gayya da injinan gwamnati, kuma ba aikin shekara ɗaya ba ne don tana sake tsirowa. Kai kuma a naka ɓangaren nemi iri mai saurin nuna ka shuka da wuri, ka kafa sanda mai alama a bakin kogi kana dubawa safe da yamma daga tsakiyar Agusta, sannan ka samu wani a Wudil ko Ringim da zai riƙa buga maka waya in ruwa ya ƙaru a wajensu, don kafin ya iso Auyo kana da 'yan kwanaki na kwashe abin da za a iya kwashewa.